DUNIYA MAKARANTA: Mazaɓar Dundee, Inda Masaƙa Suka Kayar Da Churchill

Ran Laraba 15 ga watan Nuwamba na 1922 mutanen Birtaniya suka fita jefa ƙuri'a, kashegari kuwa da aka gama ƙidaya a birnin Dundee na ƙasar Sukotlan, sai aka ji labarin da ya girgiza Landan. Mista Winston Churchill, wanda ya shekara 14 yana wakiltar birnin a Majalisar Wakilai, ya riƙe manyan ma'aikatun gwamnati har shida, ya sha ƙasa. Ba ma na biyu ya zo ba, ba na uku ba, na huɗu ya zo. Wanda ya yi na ɗaya kuwa wani mai wa'azin hana shan giya ne, sunansa Edwin Scrymgeour, mutumin da a ka daɗe a na yi wa dariya a kan titi. Wannan mazaɓa yanzu babu ita, tun 1950 a ka rushe ta, amma tarihinta na shekara 118 ya isa duk mai neman kujera, da duk mai riƙe da ƙuri'a, ya zauna ya yi nazarinsa.

Dundee tana gaɓar kogin Tay ne, a gabashin Sukotlan. Arzikinta a wancan zamani ya dogara ga rama, irin wadda a ke saƙa buhun algarara da ita. Daga Bengal ta ƙasar Indiya jirage su ke kawo ramar, a tausasa ta da man kifin nan babba na teku, sa'an nan a kaɗa a saƙa. Masaƙar Camperdown kaɗai, ta 'yan'uwan Cox da ke unguwar Lochee, ta taɓa ɗaukar ma'aikata wajen 5,000. Galibin ma'aikatan masaƙun mata ne da yara, domin ladansu ya fi araha, har ya zama a gidaje da yawa mace ce ke fita nema, miji na zaune. Masu masaƙu suka gina manyan gidaje a Broughty Ferry, ma'aikata kuwa iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu. A irin waɗannan masaƙu ne Mary Slessor ta yi aiki tana yarinya, kafin ta tafi Kalaba cikin 1876.

WAKILI NA FARKO

Kafin 1832 Dundee ba ta da wakili nata na kanta. An haɗa ta ne da garuruwan Perth da Forfar da Cupar da St Andrews, su biyar wakili ɗaya, kuma ba jama'a ke zaɓensa ba, 'yan majalisun garuruwan ne, waɗanda su ma kansu su ke naɗa magadansu. Cikin Nuwamba 1819, bayan sojan doki sun afka wa masu neman ƙuri'a a Manchester sun kashe mutane, wani mai gonaki da a ke kira George Kinloch ya tara jama'a a filin Magdalen na Dundee ya la'anci wannan aika-aika, ya nemi a gyara tsarin zaɓe. Hukuma ta tuhume shi da tayar da fitina, ya gudu Faransa, kotu ta ce doka ta tsame hannunta daga kansa. Sai 1823 a ka yafe masa. Da dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta ba Dundee kujera, mutanen gari ba su zaɓi kowa ba sai wannan ɗan gudun hijira. Amma ajali bai bar shi ya daɗe ba, cikin Maris 1833 ya rasu. Mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar birnin tun 1872.

Daga nan kujerar ta zama tamkar gadon Jam'iyyar Libaral. Cikin 1868 a ka ƙara wa birnin wakili na biyu, watau kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu, in ya so ya ba jam'iyya ɗaya duka, in ya so ya raba, in ya so ya jefa ɗaya ya bar ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa ne labarin 1922 ya rataya. Fiye da shekara 70 'yan Libaral ke cinye zaɓe, cikinsu har da Sir John Leng mai jaridar garin, wanda ya zauna daga 1889 zuwa 1906. A 1906 ne a ka fara ganin tsaga a bango, sa'ad da Alexander Wilkie, sakataren ƙungiyar maƙeran jiragen ruwa, ya ci kujera ɗaya da sunan Jam'iyyar Leba. Shi da George Barnes na Gilasgo su ne 'yan Leba na farko da Sukotlan ta aika majalisa a wannan shekara.

BAƘON DA YA SAMU KUJERA A ƁAGAS

Abin da ya kai Churchill Dundee wata tsohuwar doka ce, wadda ta ce duk ɗan majalisar da a ka naɗa minista sai ya koma mazaɓarsa ya sake neman amincewa. Cikin Afrilu 1908 Firayim Minista Asquith ya ba shi Ma'aikatar Ciniki, ya koma mazaɓarsa a Manchester, ya faɗi. Nan da nan jam'iyya ta nemo masa mafaka. A ka ɗaga wakilin Dundee, Edmund Robertson, zuwa Majalisar Dattawa, kujera ta zama babu kowa, a ka ce da Churchill bismilla. Yana da shekara 33 a lokacin, kuma babu abin da ya haɗa shi da garin, ba dangi, ba gida, ba sana'a.

Yaƙin neman zaɓen bai tafi sumul ba. Wata mace 'yar Ailan mai suna Mary Maloney, daga cikin masu fafitikar a ba mata ƙuri'a, ta riƙa bin sa taro taro da ƙararrawa a hannu, da ya buɗe baki sai ta kaɗa, tana neman ya janye wata magana da ya yi a kan 'yan'uwanta. Duk da haka ran 9 ga Mayu ya ci da ƙuri'a 7,079. Sir George Baxter, ɗan gidan masu masaƙa, ya sami 4,370, ɗan takarar Leba ya sami 4,014, can ƙarshe kuwa ga Scrymgeour da 655. Churchill ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ya sami kujerar da zai zauna a kai har iyakar ransa, mai sauƙi, mai araha. Masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi.

Sau biyar a jere ya ci zaɓe a Dundee: 1908, da Janairu 1910, da Disamba 1910, da 1917, da 1918. Cikin waɗannan shekaru ya yi Ministan Ciniki, da Ministan Cikin Gida, da Ministan Sojan Ruwa, da Ministan Makamai, da Ministan Yaƙi, daga Fabrairu 1921 kuma ya zama Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, watau Gwamna Clifford na Ikko da dukkan razdanan Arewa a ƙarƙashin ofishinsa su ke. Girma na ƙaruwa a Landan, zumunci na raguwa a Dundee. Tafiyar jirgin ƙasa ce ta dare guda, shi kuwa ba ya zuwa sai jefi jefi, ya sauka a otal, ya yi jawabi, ya juya.

Kowane muƙami kuma ya bar masa abokan gaba a mazaɓar. Ma'aikata ba su manta da sojan da a ka tura Tonypandy ta Wales lokacin yajin aikin masu haƙar kwal a 1910 ba. Mata ba su manta da yadda a ka yi wa masu neman ƙuri'a ɗurar abinci da ƙarfi a kurkuku ba. Iyayen soja na tuna asarar rayukan da a ka yi a Gallipoli cikin 1915, yaƙin da shi ne ya fi kowa tsayawa a kansa. 'Yan gurguzu na jin haushin taimakon da ya kai wa masu yaƙar juyin mulkin Rasha a 1919. Dubban 'yan Ailan mazauna Lochee, waɗanda da su ne ƙashin bayansa, suka juya masa baya saboda ta'asar da 'yan sandan ƙundumbala na Birtaniya suka yi a ƙasarsu cikin 1920 da 1921. Daɗin daɗawa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar rama ta karye, masaƙun Kalkata sun ƙwace ciniki, dubban mutane suka rasa aiki, har a ka yi tarzoma a titunan Dundee cikin Satumba 1921.

Amma babban abin da ya sauya lissafi shi ne dokar zaɓe ta 1918, wadda ta ba kowane namiji mai shekara 21 ƙuri'a, ta kuma ba matan da suka kai 30 bisa wasu sharuɗɗa. Masu zaɓe a Dundee wajen 19,000 ne a 1908. A 1922 sun kusa 80,000. Waɗanda suka zaɓi Churchill da farko sun zama 'yan tsiraru a cikin taron da bai san su ba, su ma ba su san shi ba sai a jarida.

MAI HAƘURI DA MAI TONON ASIRI

Edwin Scrymgeour haifaffen Dundee ne. Ya kafa Jam'iyyar Hana Giya ta Sukotlan cikin 1901, ya shiga majalisar gari a 1905. Kirista ne mai tsananin riƙo da addini, mai ra'ayin talakawa, yana ganin giya ce ke cinye ɗan abin da ma'aikaci ya samo, ta bar mata da 'ya'ya da yunwa. Ga yadda ƙuri'unsa suka tafi: 655 a 1908, sai 1,512 da 1,825 a zaɓuɓɓuka biyu na 1910, sai 2,036 a 1917, sai 10,423 a 1918. Sau biyar yana faɗuwa, sau biyar yana tashi, kuma tsakanin zaɓe da zaɓe yana nan cikin gari, a bakin masaƙa, a gidan makoki, a zauren majalisa yana tonon almundahana.

Na biyun shi ne Edmund Dene Morel, wanda ya kamata mutanen Afirka su san sunansa. Akawu ne a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a Liverpool. A bakin aikinsa ya lura jirage na zuwa daga Kwango maƙil da roba da hauren giwa, amma in za su koma ba sa ɗaukar kayan ciniki sai bindigogi da harsashi. Daga nan ya gane ba saye a ke yi ba, bauta ce. Ya ajiye aiki, ya kafa Ƙungiyar Gyaran Kwango cikin 1904, bai huta ba sai da a ka karɓe ƙasar daga hannun Sarki Leopold na Beljiyam a 1908. Ya zo Nijeriya a ƙarshen 1910, ya kai har Zariya da Kano, ya wallafa littafi a kan ƙasar cikin 1911, ya kuma dage cewa kada a ƙwace gonakin 'yan ƙasa a ba kamfanonin Turawa. Saboda adawarsa da yaƙi a ka ɗaure shi wata shida a 1917. Sai dai gaskiya ɗaya ce, shi ma yana da tabo. Cikin 1920 ya jagoranci wata farfaganda mai muni a kan sojojin Afirka da Faransa ta girke a yankin Rhine na Jamus, ya siffanta su da kalmomin wariyar launin fata. Wannan ne mutumin da Leba ta tsayar a Dundee bayan Wilkie ya yi ritaya.

KWANA HUƊU NA ƘARSHE

Cikin Oktoba 1922 abubuwa suka taru suka faɗo wa Churchill lokaci guda. Ran 18 ga wata likitoci suka yi masa aiki suka cire masa afendis. Kashegari 'yan Jam'iyyar Konsabatib suka janye daga gwamnatin haɗin gwiwa ta Lloyd George, bayan rikicin Chanak da ya kusa jefa Birtaniya cikin sabon yaƙi da Turkiyya. Gwamnati ta faɗi, a ka sa ranar zaɓe, shi kuwa yana kwance. Matarsa Clementine ce ta tafi Dundee a madadinsa, da jaririya 'yar mako bakwai, ta sha ihu da tofin yawu.

Shi kansa bai iso ba sai ran 11 ga Nuwamba, saura kwana huɗu. A kan kujera a ka ɗauke shi zuwa dandali, a zaune ya yi jawabi a zauren Caird, inda sai mai tikiti ke shiga, a ka saurare shi. Da ya je zauren atisayen soja bayan kwana biyu, inda ƙofa ke buɗe ga kowa, sai jama'a suka hana shi magana da ihu har a ka tashi taron. Daren jajibirin zaɓe kuma ya ɓata lokacinsa wajen caccakar D. C. Thomson, mai jaridun garin, waɗanda suka daɗe suna sukarsa.

Da a ka ƙidaya, Scrymgeour ya sami 32,578, Morel 30,292, D. J. MacDonald abokin takarar Churchill 22,244, Churchill 20,466, Pilkington na ɗaya ɓangaren Libaral 6,681, sai William Gallacher na Kwaminis 5,906. Tsakanin na ɗaya da Churchill ƙuri'a 12,112 ke nan. Abin lura, ko abokin tafiyarsa, wanda ba a san shi ba a wajen Dundee, ya fi shi. A nan ne tsarin ƙuri'a biyu ya yi aikinsa. Leba mutum ɗaya ta tsayar, saboda haka dubban ma'aikata suka ba Morel ƙuri'a ɗaya, suka ba Scrymgeour ta biyu. Matan masaƙa da suka san abin da giya ke yi wa gida suka ƙara masa, haka nan waɗansu masu zuwa coci da ba ruwansu da gurguzu. Ba don mutanen gari sun yarda a rufe gidajen giya ba ne, domin ba a taɓa rufe su ba a Dundee, kuma da ya kai shirin dokar hana giya majalisa cikin 1923 a ka yi watsi da shi da gagarumin rinjaye. Sun zaɓe shi ne don sun san shi, kuma don shi ne sandar da ta fi kusa da hannu.

Churchill ya karɓi sakamako, ya hau jirgi ya koma. Daga baya ya riƙa ba'a da kansa, yana cewa a ƙiftawar ido ya wayi gari ba ofis, ba kujera, ba jam'iyya, ba kuma afendis. Ya sake faɗuwa a Leicester cikin 1923, ya faɗi a Westminster cikin Maris 1924 da ƙuri'a 43 kacal, sa'an nan ya sami kujerar Epping a Oktoba na wannan shekara, ya koma Konsabatib, ya zama Ministan Kuɗi. Cikin Mayu 1940 ya zama Firayim Minista. Amma raunin Dundee bai warke ba. A 1943, yana kan ganiyar ɗaukaka, majalisar garin ta yanke shawarar ba shi lambar girmamawa ta birni da ƙuri'a 16 a kan 15, ya aiko da amsa a taƙaice cewa ba zai iya karɓa ba. Bai sake taka garin ba har ya mutu a 1965.

WAƊANDA SUKA BIYO BAYA

Morel bai ci moriyar nasararsa da daɗewa ba, ya rasu ran 12 ga Nuwamba 1924, makonni biyu bayan an sake zaɓensa. Wanda ya gaje shi, Tom Johnston, ɗan jarida ne, kuma shi ne Churchill ya naɗa Sakataren Sukotlan a 1941. Scrymgeour ya riƙe kujerarsa a 1923 da 1924 da 1929, kuma har yau shi kaɗai ne a tarihin Birtaniya ya shiga majalisa da tutar hana giya. Cikin 1931, sa'ad da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, guguwar gwamnatin haɗin kan ƙasa ta share shi tare da ɗan Leba Michael Marcus. Masu zaɓen da suka ɗaga shi su ne suka sauke shi.

Waɗanda suka hau a 1931 mutum biyu ne masu ban sha'awa. Florence Horsbrugh ita ce mace ta farko da ta wakilci Dundee, kuma 'yar Konsabatib ta farko tun kafa mazaɓar shekara 99 da suka gabata. Daga baya ta zama Ministar Ilmi a gwamnatin Churchill ta 1951. Na biyun Dingle Foot ne na Libaral, lauya, ɗan'uwan Sir Hugh Foot wanda ya yi Babban Sakataren Gwamnatin Nijeriya daga 1947. Shi wannan Dingle Foot ne gwamnatin tarayya ta kora daga Nijeriya cikin 1962, sa'ad da ya zo kare Alhaji Dauda Adegbenro a shari'ar dokar ta-ɓaci ta Jihar Yamma.

Dukansu biyu sun faɗi a 1945, Leba ta kwashe kujerun biyu da Thomas Cook da John Strachey. Strachey ne Ministan Abinci da ya ɗauki nauyin shirin noman gyaɗa a Tanganyika daga 1947, shirin da ya cinye fam miliyan 36 kafin a yi watsi da shi a 1951, alhali kuwa a waɗannan shekaru dalar gyaɗa na tsibe a Kano tana jiran taragun da za su kai ta Ikko. Su ne wakilan ƙarshe. Dokar zaɓe ta 1948 ta soke mazaɓu masu wakili biyu, a zaɓen 1950 a ka raba birnin gida biyu, Dundee ta Gabas da Dundee ta Yamma.

Halin garin kuwa bai sake ba. Cikin Fabrairu 1974 Dundee ta Gabas ta zaɓi Gordon Wilson na jam'iyyar 'yan kishin Sukotlan, a ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kuma kashi 57 cikin 100 na mutanen birnin suka zaɓi ballewa daga Birtaniya, fiye da kowace gunduma a Sukotlan, ko da ya ke ƙasar baki ɗaya ta ƙi. A 2024 ma an sake zana iyakoki, mazaɓun Gabas da Yamma su ma suka bi sahun uwarsu.

Mai nazarin wannan tarihi zai ga mazaɓar ta soma da mutumin da hukuma ta kora don ya nemi a ba talaka ƙuri'a, ta kuma yi suna ran da talakan ya yi amfani da ƙuri'ar a kan minista. Abin da ya sa hakan ta yiwu abu biyu ne: an ƙidaya abin da mutane suka jefa, kuma wanda ya faɗi ya yarda ya faɗi, ya tafi neman wata kujerar ta hanyar da ya rasa ta farko. Ɗan majalisar da ke zaune a babban birni, ba ya leƙa mazaɓarsa sai an buga gangar zaɓe, yana cewa kujerarsa ta gado ce, ya kamata ya tuna Churchill ma haka ya rubuta wa mahaifiyarsa a 1908. Mai takarar da ya faɗi sau ɗaya ya yi fushi ya bar gari, shi kuma ya dubi mutumin da ya fara da ƙuri'a 655, ya jira shekara 14, ya gama da 32,578.